Kantin Mai Sauƙi Da Maƙwabtan Da Ba A Gani

Abu biyu Mai Sauƙi yake rantsuwa a kansu, kuma ba ya jira a tambaye shi. Na farko, tun da ya buɗe kanti bai taɓa cin ƙwandalar wani ba. Na biyu, shi bai san abin da ake kira tsoro ba. Ranar da aljani ya shiga gidansa, in ji shi, da tsawa ɗaya ya fitar da shi, malamin da aka kira ruwa kawai ya sha ya kama gabansa. Haka yake gaya wa Tela maƙwabcinsa, haka yake gaya wa mai kawo burodi, haka yake gaya wa duk wanda ya yi kuskuren tsayawa sayen ashana. To, ga yadda aka yi, kowa ya auna da kansa.

Kantin nasa irin na zamani ne, wanda mutum zai ɗauki kwando ya zaga da ƙafarsa ya zaɓi abin da yake so. Gidansa yana bayan kantin, ƙofa ɗaya ce ta haɗa su ta cikin sito. A ƙarƙashin kowane kaya akwai 'yar takarda rawaya mai farashi, wadda yake bugawa da wata 'yar bindigar roba, ƙwas. A bakin ƙofa kuma teburin biya, inda 'yarsa Auta take zama da na'ura. Ta haska kaya, na'ura ta ce ɗit, kuɗi ya fito.

A tsakanin takardar nan da na'urar nan Mai Sauƙi yake noma. Idan kaya suka tashi, kafin direban da ya kawo su ya juya mota ya gyara na'ura, takardar kan kanta kuwa sai ta yi ta zamanta har ta koɗe. Wani lokacin da ɗan yatsa kawai zai tura takardar ƙaramin gwangwani ta koma ƙarƙashin babba. Ya karanci mutane tsaf. Wanda ya cika kwando, ga layi a bayansa, ga ɗansa ya riga ya ɓare biskit yana ci, kunya ba za ta bar shi ya mayar da kaya ba. Biya zai yi, ya fita yana lissafi da yatsu.

Idan aka yi rashin sa'a aka samu mai taurin kai ya ja shi har gaban kanta ya nuna masa, sai Mai Sauƙi ya riƙe baki.

"Ikon Allah! Jiya da hannuna na gyara ta. Aljanun kantin nan ba sa barina na huta, su ne ke sauya takardun nan."

Mai saye ya yi dariya, ya biya abin da na'ura ta faɗa. Auta ta sunkuyar da kai.

"Baba, ni ake kallo fa," ta taɓa ce masa.

"Ke danna na'ura aka sa ki, ba wa'azi ba."

Wani yammaci, rana ta yi ja, inuwar kantoci ta miƙe har bakin ƙofa. Mutane sun tsagaita. Wata tsohuwa da takan zo gab da magariba sayen ashana ta shigo, mayafinta ya koɗe, tafiyarta ba ta da sauti. Ran nan ta haɗa da gwangwanin madara. Na'ura ta ce ɗit, ta faɗi abin da ya ɗara na kan kanta. Tsohuwa ta kwance bakin mayafi, ta duba abin da ke ciki, bai kai ba. Ba ta yi gardama ba, ta tura madarar gefe.

Mai Sauƙi ya matso da waƙarsa ta kullum, har da tafa hannu.

Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta ɗago ta dube shi.

"Su ne?"

"Su ne, Inna. Na rantse."

"To," ta ce. Ta ɗauki ashanarta ta fita.

Bayan fitarta sai titin ya yi tsit. Tsuntsayen da ke hayaniya a bishiyar ƙofar Tela suka ɗauke gaba ɗaya, kamar an rufe su da kwano. Mai Sauƙi ya ja ƙofar ƙarfe ya sa kwaɗo, ya ji ƙeyarsa ta yi sanyi, ya ce iska ce.

Suna zaune a tsakar gida bayan salla, matarsa ta zuba abinci, aka ɗauke wuta. Ta tashi neman fitila. A cikin duhun nan ne suka ji, daga can cikin kantin da yake kulle.

Ƙwas.

Shiru. Sannan ƙwas, ƙwas, a hankali, kamar mai aikin da ba ya sauri, yana bin kanta bayan kanta.

"Baban Auta," matar ta ce da raɗa, "ka bar wani a ciki ne?"

"Ɓera ne."

Na'urar biya ta ce ɗit. Ba wuta a unguwar kaf.

"Ɓeran ne ya kunna na'ura?"

Mai Sauƙi ya ajiye lomar da ke hannunsa. Sai ga wani abu mai nauyi ya daki kwanon rufi, ya gangaro, ya faɗo gabansu. Wani ya biyo, wani ya biyo. Ba duwatsu ba ne. Gwangwanayen tumatir ne da na madara, da sandunan sabulu, suna zubowa daga sama inda babu kowa. Da matar ta haska fitila, kowanne da sabuwar takarda rawaya a jikinsa, danƙonta ko bushewa bai yi ba.

Da gari ya waye kwaɗo yana nan yadda ya bar shi, bindigar farashi tana cikin aljihun tebur. Amma gidan ya cika da takardu. A jikin buta, a murfin tukunya, a matashin kai, a tsakiyar hular Mai Sauƙi. Babu lamba ko ɗaya a kansu. Ya bi ya ɓamɓare, ya ce kada wanda ya ji wannan magana a waje, kasuwa ba ta son surutu. Ya buɗe kanti kamar kullum, takardun da suka koɗe kuma ya bar su a inda suke.

Haka aka yi ta yi. Da rana lafiya, rana na sunkuyawa gidan ya yi nauyi. Magana ta ragu. Matar ta daina aiken kowa sito. Ana jin ana jan kwando a ƙasa tsakanin kantoci, ana jin muryoyi ƙasa-ƙasa kamar mutane a layi suna ƙunƙuni, da an kasa kunne su yi shiru.

Sai abin ya koma kan Auta.

Da farko abinci ta rage. Daga nan aka riƙa samunta da magariba tsaye a tsakiyar kanti, fuskarta ga kantar madara, ba ta motsi. Wata safiya uwarta ta je tashinta, ta ga takarda rawaya a tsakiyar goshinta. Ta ɓamɓare da salati. Kafin ta juyo daga jefarwa, wata ta zauna a wurin. An kai ta asibiti, aka auna, aka ɗebi jini, aka ce ta huta ta riƙa shan ruwa. Ta dawo ta kwanta, tana ramewa ana gani. Ran da ta ɗago ta dubi uwarta da idanun da ba nata ba, ta nuna ta da yatsa ta ce da wata murya mai kauri, "Wannan nawa?" ran nan matar ta ɗauki mayafi.

"Baban Auta, ko ka yarda ko kada ka yarda, malam zan kira. Kasuwarka ba ta fi 'yata ba."

Malamin ya zo bayan magariba. Siririn dattijo ne, marar yawan magana, ba ya ɗauke da komai sai carbi da gorar ruwa. Bai tambayi kowa komai ba. Ya tsaya a ƙofar sito ya daɗe yana kallon duhun kantin, sannan ya ce a shimfiɗa tabarma a ɗakin yarinyar, uwar ta riƙe kanta.

Ya fara karatu, muryarsa a kwance. Harshen fitila ya ƙanƙance. Ɗakin ya ɗauki wani sanyi mai warin tsohon kwali. Yatsun ƙafar Auta suka fara karkarwa, karkarwar ta hau gwiwa, ta hau ƙirji. Kwatsam ta tashi zaune, ba tare da ta dafa ƙasa ba, ta buɗe baki. Abin da ya fito ba kuka ba ne, ba magana ba ce. Ɗit.

A nan ne jarumin namu ya tuna yana da aiki a sito.

Ya shige bayan buhunan shinkafa ya durƙusa, takalmi ƙafa ɗaya. Ya lalubi addu'ar tsari a kansa, duk sun watse. Wadda ta zo bakinsa ita ce addu'ar cin abinci, ita ya kama, yana maimaita farkonta, ƙarshen ya ƙi zuwa. Babu kowa a siton, shi kaɗai ne da duhu. Sai dab da kunnensa, a hankali: ƙwas.

Da matarsa ta zo da fitila ta same shi ya riga ya fito da rarrafe.

"Kai suke nema," ta ce. Ta ja shi da hannun riga.

Auta tana zaune, idanunta a kafe. Malam ya ce, "Ga shi nan. Yanzu faɗa mini, su wane ne ku, kuma me yarinyar nan ta yi muku?"

Muryar ta fito a hankali, tsohuwa, busasshiya, ba ta mace ba, ba ta namiji ba.

"Maƙwabta ne mu. Mun riga shi zama a wurin nan tun ba a zuba siminti ba. Ya gina kanti a kanmu, muka matsa. Ko ƙwayar sukarinsa ba mu taɓa lasa ba. Shi kuma kullum sai ya ci mutane, ya goge bakinsa da sunanmu. Mun yi haƙuri da wasa. Sai ya rantse."

Malam ya juyo ya dubi Mai Sauƙi. Mai Sauƙi ya ga tabarmar ɗakin tana da wani zane da bai taɓa lura da shi ba.

"An zalunce ku," in ji malam. "Amma yarinyar ba ta da laifi."

"Masu mayar da madara su suna da laifi?"

"Ba su da shi. Me kuke so ku bar ta?"

"Abu mai sauƙi. Ya bi kantocinsa da hannunsa, takarda ta faɗi abin da na'ura za ta faɗa."

"Na yarda!" Mai Sauƙi ya yi wuf. "Yau ɗin nan, wallahi, na yarda!"

"To ku fita," malam ya ce, ya ci gaba da karatu.

Jikin Auta ya saki. Karkarwar ta sauko daga ƙirji zuwa gwiwa, zuwa yatsun ƙafa. Uwar ta fara hamdala. Sai karkarwar ta tsaya cak, ta juya, ta koma sama. Idanun suka sake buɗewa.

"Wancan tsohon farashi ne."

"Amma yanzu kuka faɗa!" Mai Sauƙi ya ce. "A gaban malam kuka faɗa!"

Auta ta ɗaga hannu ta riƙe baki. Muryar da ta fito a wannan karon tasa ce, tasa sak, har da 'yar dariyar.

"Ikon Allah! Mutanen gidan nan ba sa barinmu mu huta, su ne ke sauya mana magana."

Matar ta rushe da kuka. Mai Sauƙi ya ji gashin jikinsa ya miƙe. Bai taɓa jin waƙar tasa daga waje ba.

"Sabon nawa ne?" malam ya tambaya.

"Duk wanda ya kama kuskure, ya dube shi ya ce, ni ne. Da bakinsa. A gaban layi."

Wannan ta fi ta farko ɗaci, amma ya haɗiye. "Na yarda."

Malam ya ɗora karatu. Aka sake saukowa har yatsun ƙafa. Aka sake tsayawa.

"Kaya sun tashi," in ji muryar.

Yanzu numfashin Auta ya koma sama-sama. Leɓunanta sun bushe, kanta ya langaɓe a kafaɗar uwarta, bakin kaɗai ke motsi. Mai Sauƙi ya zube a gwiwa. Ya ga kansa tsaye a teburin biya, abin da ya fi ƙauna a duniya yana hannunsa, kuma wani ne ke riƙe da na'ura.

"Idan ba za ka iya biya ba," muryar ta ce da taushi, "ba dole. Tura ta gefe ka tafi."

"Ku ɗauki kantin," ya ce, hawaye da majina sun haɗu. "Ku ɗauki gidan. Ku ɗauke ni. Don girman Allah ku bar mini yarinya."

Malam ya ajiye carbi. A karon farko ya ɗaga murya.

"Ku saurara. Ƙara kuka kawo, cewa an kira ku maha'inta alhali ba ku ba ne. Na gaskata ku. Amma sau biyu ke nan a gabana kuna faɗin magana kuna sauyawa. Idan aka tambaye ni gobe wa ke sauya farashi a gidan nan, me kuke so na ce na gani da idona?"

Daga can cikin kanti muryoyin nan ƙasa-ƙasa suka taso, kamar ana shawara, suka daɗe, suka lafa.

"Mun so ya ɗanɗana ne," muryar ta ce. Kaifinta ya ragu.

"Ya ɗanɗana. Ku faɗi magana ɗaya, ta zauna."

"Biyun da ya ɗauka suna nan. Na uku, duk inda takarda da na'ura suka saɓa, ƙaramin shi ne farashi. Kuma kada ya ƙara jingina mana ƙarya. Idan ya ƙara, ba za mu zo ciniki ba."

"Ka ji?" malam ya ce.

"Na ji. Na ɗauka."

"Ku fita ta inda kuka shiga, kada ku cutar da ita."

Karkarwar ta gangara. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake, takardar goshinta ta ɓalle ta faɗo kan tabarma, ta nannaɗe kamar busasshen ganye. Wata iska ta bi ta ƙofar sito ta wuce. Can a bishiyar ƙofar Tela wani tsuntsu ya yi motsi.

"Mama," Auta ta ce da muryarta, 'yar siririya, "ƙishirwa nake ji."

Malam ya miƙa gorar ruwansa. Shi ne ruwan da Mai Sauƙi yake cewa malam ya sha.

Tun daga ran nan kanti ya gyaru. Mai Sauƙi ya zama ba ya rabuwa da bindigar farashi, har wurin cin abinci tana gefensa. An ji shi da kunne yana cewa "ni ne" a gaban layi, fuskarsa kamar mai shan magani. Auta ta murmure, ta koma teburinta, tana kallon mutane ido cikin ido. Masu saye suka ƙaru, abin da ya ba shi mamaki ƙwarai.

Sai dai shi tsoro yana da saurin tsufa, baki kuma ba ya tsufa. Da kwanaki suka ja, labari ya fara sauya kaya. Gyaran farashi ya zama halinsa ne tun asali. Gwiwar da ya durƙusa a kai ta zama ƙafar da ya taka aljani da ita. Matarsa idan ta ji sai ta taɓe baki ta wuce, Auta ta yi kamar tana goge na'ura.

Wani yammaci rana ta yi ja, Tela ya jingina da teburin biya yana shan lemo, Mai Sauƙi ya kai tsakiyar labari.

"Na ce masa kai! Ka san gidan wa ka shigo? Tsawa ɗaya, Tela. Ko gezau ban yi ba, ina tsaye a kansa tun daga farko har ƙarshe."

Wani hannu ya ajiye ashana da gwangwanin madara a kan tebur. Ba wanda ya ji shigowarta. Auta ta haska, na'ura ta ce ɗit, kuɗi ya yi daidai da na kan kanta. Tsohuwar ta kwance bakin mayafinta ta biya, ba ta ko ɗago ba.

"Tsawa ɗaya?" ta ce. "Ni dai abin da na ji a bayan buhunan shinkafa addu'ar cin abinci ce. Ita ma ba a kai ƙarshenta ba."

Tela ya ƙware da lemo, ya dafa tebur yana dariya. "Addu'ar cin abinci? Mai Sauƙi! Inna, tsaya, wa ya gaya miki?"

Mai Sauƙi bai yi dariya ba. Ko matarsa bai taɓa gaya wa ba. Shi kaɗai ne a siton nan, shi da duhu.

Tsohuwar ta kai bakin ƙofa, ta ɗan waiwayo.

"Takardar sabulun can ta ƙarshe ta fara koɗewa, maƙwabci. Ka duba ta kafin duhu."

Tsuntsayen bishiyar suka ɗauke. Tela yana ta tambaya ba mai amsa masa, domin Mai Sauƙi ya riga ya kai kantar sabulu, takalmi ƙafa ɗaya, bindigar farashi a hannunsa.